Daga randar ruwa zuwa ɗakin gwaji: Yadda ake rubuta lissafin ayon da amfaninsa ga jama'ar arewacin Zamfara

Da zarar damina ta kankama a arewacin Jihar Zamfara, gulaben da suka ratsa yankin, irin su Gagare ta wajen Kaura Namoda da Bunsuru ta wajen Zurmi, sukan cika su yi jawur da laka kafin su gangara su faɗa Gulbin Rima. Tafkuna da rijiyoyi marasa zurfi su ma sukan gurɓace. A irin wannan lokaci ne ake yawan neman alimun, wanda wasu ke kira alif, a shaguna da kasuwanni, ciki har da babbar kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Uwargida za ta kaɗa ɗan dutsen a cikin bokitin ruwa ta ajiye a gefe, jim kaɗan sai wani abu fari-fari mai kama da auduga ya bayyana, ya tattaro dauɗar ya kwanta da ita a ƙasa, ruwan sama ya yi garau.

Abin da ke faruwa a cikin wannan bokiti shi ne darasin da ke ba ɗaliban kimiyyar sinadarai, wato kemistiri, ciwon kai a jarrabawar WAEC da NECO, shi ne kuma ɗaliban kimiyya na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, suke sake cin karo da shi. Darasin kuwa shi ne yadda ake rubuta lissafin ayon domin bayyana haɗuwar sinadarai biyu narkakku da ke haifar da wani daskararren abu. Mutane da yawa na ɗaukarsa a matsayin abin haddacewa domin cin jarrabawa kawai. Alhali kuwa ɗan kasuwar da ke sayar da alimun ko kanwa ko takin zamani, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayo magungunan tace ruwa, da uban da ke son sanin abin da 'ya'yansa ke sha, duk suna da abin ƙaruwa a cikinsa. Wannan maƙala za ta bi darasin daki-daki, sannan ta nuna inda ya taɓa rayuwa da lafiya.

Mene ne ayon?

Idan aka zuba gishiri a ruwa aka motsa, ido zai daina ganinsa, amma harshe zai shaida yana nan. Abin da ya faru shi ne ruwan ya raba kowane ƙwayar gishiri gida biyu: ɓangaren sodiyam da ɓangaren kulorin. Kowane ɓangare yana ɗauke da cajin lantarki. Na sodiyam yana da caji mai alamar tarawa, ana rubuta shi Na⁺, na kulorin kuma yana da mai alamar ɗebewa, ana rubuta shi Cl⁻. Irin waɗannan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon.

Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya fara amfani da wannan suna a 1834. Shekara hamsin bayan haka, a 1884, wani matashi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Svante Arrhenius ya gabatar da kundin digirinsa, inda ya ce gishiri yana rabuwa zuwa ayon da zarar ya narke, ko an jona masa lantarki ko ba a jona ba. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi sakamako mai rauni. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan ra'ayi. Hujjar kuwa mai sauƙi ce: ruwan gishiri yana barin wutar lantarki ta ratsa shi, domin akwai ƙwayoyi masu caji da ke yawo a ciki. Ruwan sukari ba ya yin haka, domin sukari yana narkewa ne a dunƙule ba tare da ya rabu zuwa ayon ba.

Wasu ayon ƙwaya ɗaya ce tal, kamar na azurfa, Ag⁺, ko na kalsiyam, Ca²⁺, ko na dalma, Pb²⁺. Wasu kuma gungu ne da ke tafiya tare ba sa rabuwa, kamar naitiret, NO₃⁻, da salfet, SO₄²⁻, da kabonet, CO₃²⁻, da haidiroksaid, OH⁻. Ƙaramar lambar da ke sama tana nuna yawan caji, wadda ke ƙasa kuma tana nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin gungun.

Bambancin diddiga da gasara

Duk wanda ya ga yadda ake yin koko ya san cewa idan aka tace niƙaƙƙen gero aka ajiye, gasara za ta kwanta a ƙasa. Sai dai ita gasara tun farko ba ta narke ba, nauyinta ne kawai ya ja ta ƙasa. Abin da muke magana a kansa ya sha bamban. A nan za a ɗauko ruwa biyu, kowanne garau kamar hawaye, a haɗa su, nan take wani sabon abu daskararre ya bayyana wanda babu shi a da. Wannan sabon abu shi za mu riƙa kira diddiga a cikin wannan bayani.

Dalilin samuwarsa shi ne, idan aka haɗa ruwan biyu, ayon iri huɗu ne ke cakuɗuwa. Idan a cikinsu akwai biyu waɗanda ƙarfin da ke jan su zuwa ga juna ya fi ƙarfin ruwan da ke raba su, sai su manne, dubbai su taru a kan dubbai har su zama ƙura da ido ke gani. Sauran biyun kuwa suna nan suna yawo a cikin ruwa yadda suka shigo. Su ake kira ayon 'yan kallo.

Wane ne ke narkewa, wane ne ba ya narkewa?

Babu yadda za a rubuta lissafin ayon ba tare da an san wannan ba. Ga ƙa'idojin da aka tabbatar ta hanyar gwaji:

1. Duk gishirin sodiyam, da na fotasiyam, da na amoniyam suna narkewa.
2. Duk naitiret suna narkewa.
3. Kuloraid suna narkewa, in ban da na azurfa, da na dalma, da wani nau'i na zaiba. Na dalma yakan narke a ruwan zafi.
4. Salfet suna narkewa, in ban da na bariyam da na dalma. Na kalsiyam kaɗan yake narkewa.
5. Kabonet da fosfet ba sa narkewa, in ban da na sodiyam, fotasiyam da amoniyam.
6. Yawancin haidiroksaid ba sa narkewa. Na sodiyam da fotasiyam suna narkewa sosai, na kalsiyam kuma kaɗan.

Domin a ga girman bambancin, lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da kimanin giram 360 na gishirin miya, amma ba ta narkar da fiye da kimanin miligiram 2 na kuloraid ɗin azurfa.

Matakai huɗu na rubuta lissafin

Bari mu ɗauki gwajin da ake yi domin gano ko akwai kuloraid a cikin ruwa. Ana ɗiga narkakken naitiret ɗin azurfa a cikin ruwan gishiri, sai farar diddiga ta bayyana kamar an ɗiga madara.

Mataki na farko shi ne a rubuta lissafin a dunƙule, a tabbatar yawan ƙwayoyin hagu ya yi daidai da na dama. A gaban kowane sinadari ana sa alamar halin da yake ciki: (aq) na nufin narkakke ne a ruwa, (s) daskararre, (l) mai ruwa-ruwa, (g) kuma iska.

AgNO₃(aq) + NaCl(aq) → AgCl(s) + NaNO₃(aq)

Ƙa'ida ta uku ce ta gaya mana cewa AgCl ba ya narkewa, ta biyu kuma ta ce NaNO₃ yana narkewa.

Mataki na biyu shi ne a warware kowane gishiri mai alamar (aq) zuwa ayon ɗinsa, a bar mai alamar (s) yadda yake.

Ag⁺(aq) + NO₃⁻(aq) + Na⁺(aq) + Cl⁻(aq) → AgCl(s) + Na⁺(aq) + NO₃⁻(aq)

Mataki na uku shi ne a soke 'yan kallo. Ɗan kasuwar da ke rufe littafinsa ya san cewa kayan da suka shigo shago suka fita yadda suke, ba a sayar ba, ba a musanya ba, ba su shafi riba ko faɗuwa ba. Haka Na⁺ da NO₃⁻ suke a nan: sun bayyana a hagu, sun bayyana a dama, babu abin da ya same su. Idan aka cire su, abin da ya rage shi ne tataccen lissafin ayon:

Ag⁺(aq) + Cl⁻(aq) → AgCl(s)

Mataki na huɗu shi ne a duba daidaito ta fuska biyu. Ta fuskar ƙwayoyi, azurfa ɗaya a hagu ɗaya a dama, kulorin ma haka. Ta fuskar caji, tarawa ɗaya da ɗebewa ɗaya sun kashe juna sun ba da sifili, diddigar da ke dama ma sifili ce. Lissafin ya tsaya.

Ga misali na biyu mai ɗan ƙarin aiki. Idan aka haɗa naitiret ɗin dalma da ayodaid ɗin fotasiyam, diddiga mai launin ɗorawa takan fito.

Pb(NO₃)₂(aq) + 2KI(aq) → PbI₂(s) + 2KNO₃(aq)

Pb²⁺(aq) + 2NO₃⁻(aq) + 2K⁺(aq) + 2I⁻(aq) → PbI₂(s) + 2K⁺(aq) + 2NO₃⁻(aq)

Pb²⁺(aq) + 2I⁻(aq) → PbI₂(s)

A lura da cewa dalma tana da caji biyu, don haka sai da ayodaid biyu suka haɗu kafin su kashe cajinta. A lura kuma da yadda ƙaramar lamba 2 da ke bayan bakan naitiret ta dawo gaba ta zama babba lokacin da aka warware shi.

Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne warware diddigar ita kanta. Wanda ya rubuta Ag⁺ da Cl⁻ a ɓangaren dama zai soke komai, ya tashi da takarda fara. Na biyu shi ne fasa gungu, a raba salfet zuwa farar wuta da iskar oksijin, alhali SO₄²⁻ a haɗe yake tafiya. Na uku shi ne rubuta Cl₂ a maimakon 2Cl⁻. Na farkon iskar kulorin ce mai guba, na biyun kuwa ayon biyu ne irin waɗanda ke cikin miya. Na huɗu shi ne mantawa da duba caji. Akwai kuma tarkon da masu tsara jarrabawa ke ɗanawa, inda za su ba da gishiri biyu waɗanda haɗuwarsu ba ta haifar da komai, kamar gishirin miya da naitiret ɗin fotasiyam. A nan duk ayon huɗun 'yan kallo ne, amsar kuma ita ce babu diddiga, babu tataccen lissafi.

Abin da alimun ke yi

Alimun ɗin da ake sayarwa dutse-dutse a kasuwa galibi salfet ne na fotasiyam da alminiyam. Wanda hukumomin ruwa ke saye buhu-buhu kuwa salfet ɗin alminiyam ne zalla. Sunansu daban, farashinsu daban, amma tataccen lissafi ya nuna aikinsu ɗaya ne, domin fotasiyam da salfet duk 'yan kallo ne. Mai aikin shi ne ayon ɗin alminiyam. A littafin makaranta ana rubuta shi haka:

Al³⁺(aq) + 3OH⁻(aq) → Al(OH)₃(s)

A cikin ruwan gulbi ko na rijiya, alminiyam yana samun abin da yake buƙata ne daga baikabonet ɗin da ke narke a ruwan:

Al³⁺(aq) + 3HCO₃⁻(aq) → Al(OH)₃(s) + 3CO₂(g)

Wannan Al(OH)₃ shi ne farin abin nan mai kama da auduga. Ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da caji iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna su ƙi kwanciya ko da an bar ruwan ya kwana. Alminiyam yana kashe wannan caji, sannan diddigar mai danƙo ta share su ta yi ƙasa da su.

Wannan layi guda yana koyar da abubuwa da dama. Tun da alminiyam ne mai aikin, shi ya kamata mai saye ya ƙiyasta. A cikin kilo 100 na alimun ɗin kasuwa, alminiyam bai kai kilo 6 ba, a cikin kilo 100 na irin wanda hukumomin ruwa ke saye kuwa ya kai kimanin kilo 9. Ma'aikacin da ya kwatanta farashin buhu da buhu ba tare da duba wannan ba, yana iya sayen tsada yana zaton ya sami araha. Haka kuma, tun da kowane alminiyam ɗaya yana cinye baikabonet uku, zuba alimun fiye da kima yana ƙarar da baikabonet ɗin ruwan, ruwan ya yi tsami, diddigar ta ƙi haɗuwa yadda ya kamata, alminiyam ya saura a narke a cikin abin sha. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan ne ya sa gidajen ruwa ke auna alimun da sikeli, su kuma ƙara haidiroksaid ɗin kalsiyam idan ruwan ya nemi yin tsami.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da lissafin bai ƙunsa ba. Babu inda ya ce an kashe ƙwayar cuta. Alimun yana rage ƙwayoyin cuta ta hanyar jan wasu zuwa ƙasa tare da laka, amma ruwa yana iya yin garau alhali yana ɗauke da cutar amai da gudawa ko taifot. Bayan an tsiyaye ruwan sama, wajibi ne a tafasa shi ko a sa masa kulorin. Amfanin fara sa alimun shi ne kulorin ya fi cin aiki a ruwan da babu laka. A garuruwan da matsalar tsaro ta sa mutanen ƙauyuka suka kwararo cikinsu, aka yi wa rijiyoyi da 'yan garuwa yawa, wannan bambanci na iya zama tsakanin lafiya da kwanciya a asibiti.

Kanwa, butar shayi da jan ruwan burtsatse

A wuraren da ruwan ƙasa ya ratsa duwatsu masu kalsiyam, sabulu yakan ƙi kumfa, sai dai ya yi wani dauɗa-dauɗa a saman ruwa. Ita ma wannan diddiga ce, haɗuwar kalsiyam da sabulu. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, tana ɗauke da kabonet ɗin sodiyam. Idan aka sa ta a irin wannan ruwa kafin wanki, ga abin da ke faruwa:

Ca²⁺(aq) + CO₃²⁻(aq) → CaCO₃(s)

Kalsiyam ya fita daga ruwa, sabulu ya sami damar yin aikinsa. Wannan CaCO₃ shi ne sinadarin dutsen da ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Shi ne kuma farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar mai shayi, domin zafi yana tilasta wa baikabonet ya saki iska:

Ca²⁺(aq) + 2HCO₃⁻(aq) → CaCO₃(s) + H₂O(l) + CO₂(g)

Ana kuma iya mayar da hannun agogo baya. Idan aka zuba ruwan lemun tsami a cikin butar, ɓawon zai yi kumfa ya narke, domin duk abu mai tsami yana ɗauke da ayon H⁺:

CaCO₃(s) + 2H⁺(aq) → Ca²⁺(aq) + H₂O(l) + CO₂(g)

Mai karatu ya riƙe wannan layi, za mu dawo kansa.

Akwai kuma rijiyar burtsatse da ruwanta ke fitowa garau, amma idan ya ɗan jima a bokiti sai ya koma ja-ja, ya ɓata farar riga. Ƙarfe ne narkakke, Fe²⁺, da iska ta mayar da shi Fe³⁺, shi kuma ya kwanta a matsayin Fe(OH)₃ mai launin tsatsa. Maganinsa shi ne a bar ruwan ya sha iska, ya kwanta, a tace. Masu sayar da takin zamani ma suna da rabonsu. Idan manomin rani ya narkar da taki mai kalsiyam da taki mai salfet ko fosfet da kauri a mazubi ɗaya, za su haɗu su yi diddiga ta toshe bakin injin feshi, abincin shukar kuma ya zauna a ƙasan mazubi.

Darasin gubar dalma

Babu jihar da ta ɗanɗani ɗacin wannan darasi kamar Zamfara. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega sun shiga bakin duniya. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, aikin Bagega kuwa sai a 2013 aka yi shi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Waɗannan ƙauyuka ba a arewacin Zamfara suke ba, amma dutsen ma'adinai da masu haƙarsa ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba, kasuwa kuma tana kai kaya ko'ina.

Me ya sa gubar ta yi muni haka? Masu binciken ƙasa daga Amurka da suka auna duwatsun sun gano cewa dalma mai yawa a cikinsu ta rikiɗe ta zama kabonet, wato PbCO₃. Bisa ƙa'ida ta biyar, wannan sinadari ba ya narkewa a ruwa. Sai dai cikin ɗan Adam ba ruwa zalla ba ne, akwai asid mai ƙarfi a ciki. Yaron da ya yi rarrafe a tsakar gida ya kai hannu baki ya haɗiyi ƙurar, sai abin da lemun tsami ke yi wa ɓawon buta ya faru a cikinsa:

PbCO₃(s) + 2H⁺(aq) → Pb²⁺(aq) + H₂O(l) + CO₂(g)

Da zarar dalma ta zama Pb²⁺, hanji zai tsotse ta kamar yadda yake tsotsar kalsiyam, ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa. Ana iya kwatanta wannan da salfet ɗin bariyam, BaSO₄, wanda likitoci ke ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa. Narkakken bariyam guba ne, amma salfet ɗinsa ko asid ɗin ciki ba ya narkar da shi, don haka yake wucewa ya fita. Ashe tambayar da ta dace a yi a kan kowace diddiga ita ce: a cikin wane irin ruwa ne ba ta narkewa?

Ko a ruwa zalla ma, kalmar "ba ya narkewa" tana da iyaka. Salfet ɗin dalma, wanda ke taruwa a jikin faranti idan batirin mota ko na sola ya yi sanyi, yana cikin jerin marasa narkewa. Duk da haka lita ɗaya tana narkar da kimanin miligiram 40 nasa, wato kusan miligiram 30 na dalma. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita. Ke nan wannan ɗan abin da ya narke ya ninka iyakar kusan sau 3,000. Wannan ya isa gargaɗi ga masu fasa tsofaffin batira a kusa da rijiya ko a cikin gida. Haka kuma tozalin dutse, wanda yawancinsa salfaid ɗin dalma ne, PbS, kimanin kashi 87 cikin 100 na nauyin wannan sinadari dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma mai yawa a jinin wani jariri, suka bi sawu har suka tarar da tozalin da aka kawo daga Nijeriya ake sa masa. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki.

Diddiga tana iya zama kariya idan aka san yadda za a sarrafa ta. A biranen da ke da tsofaffin bututun dalma, gidajen ruwa sukan zuba fosfet kaɗan domin ya haɗu da dalma ya yi ɓawo a jikin bututu ya raba shi da ruwan sha. A 2014 birnin Flint na Amurka ya sauya inda yake ɗebo ruwa ba tare da zuba wannan sinadari ba. Ɓawon ya zaizaye, dalma ta shiga ruwan dubban gidaje. Sakaci da layin lissafi guda ya jawo wa birni guda bala'in da aka shekara da shekaru ana fama da shi. Ya kamata a sani kuma cewa tafasa ruwa ba ya fitar da dalma, alimun ma ba abin dogaro ba ne a kanta. Gwaji ne kawai ke nuna akwai ta ko babu.

Abin da ya rage gare mu

Ɗalibin da zai zauna jarrabawa ya riƙe ƙa'idojin narkewa shida da matakai huɗun nan, ya yi ta gwada su a kan gishiri daban-daban har hannunsa ya faɗa. Iyaye kuma su tambayi makarantun 'ya'yansu ko ɗakin gwaji yana aiki, domin yaron da ya ga farar diddiga ta fito daga ruwa biyu masu haske da idonsa ba zai sake warware ta a takarda ba. 'Yan kasuwa su gaya wa mai sayen alimun cewa kaɗan ake sawa, kuma sai an tafasa ruwan ko an sa kulorin. Jami'an ruwa da na lafiya a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi su riƙa kai samfurin ruwan rijiyoyi gwaji, musamman waɗanda ke kusa da inda ake sarrafa ma'adinai ko fasa batira, su kuma sanar da jama'a sakamakon da harshen da suke ji. Kuɗin gwada rijiya ɗaya bai kai na jinyar yaro ɗaya da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, kuma irin wannan lahani ba ya warkewa gaba ɗaya ko an sha magani.